Gurbin Bajimi

Bana jikana ya sayo wata na'ura a kasuwa, 'yar ƙarama kamar kwanon sha, mai cin hasken rana, ya kafa ta a kan sanda a tsakiyar gonar dawarsa. Wai kukan shaho take yi, tsuntsaye su ji su gudu. Ya zo ya ɗauke ni a bayan babur don in je in ga abin mamaki, ni kuwa na bi shi, domin har yanzu ban iya ƙin yawo ba ko da gwiwoyin nan sun gaji. Muka tarar da ita tana ta ƙwala kukanta, kuka iri ɗaya, ta yi ta sake yi, ga kuma jan-baki zaune a kanta suna gyaran fiffike. Na yi dariya har sai da na dafa kafaɗarsa. Yaron ya ɓata rai, ya ce mai shago ya cuce shi. Na ce ba wanda ya cuce ka, tsuntsu ne yake da kunne. Ina faɗin haka sai na daina dariya, domin maganar ba tawa ba ce, kuma na daɗe ban ji ta a bakin kowa ba. Tun daga ranar nake kwana ina tashi da kakana a raina.

Baba Tsoho muke ce masa. Maƙeri ne, uban mahaifina, gajere mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Maƙerarsa tana bakin gidanmu, a wani ƙauye da ke arewa da Makoda, inda gonaki suka matse juna har ba ka gane iyaka sai da jerin gamba. A wancan zamani da kunne ake sanin lokaci. Da asuba ka ji guga yana bugun bakin rijiya, sai sussukar mata, sai zugazugin Baba Tsoho ya fara numfashi, sai masaba a kan uwar maƙera. In masaba ta yi shiru, azahar ta yi. Yanzu kuwa daga asuba har dare ƙarar inji ce da ta babur da ta waya, kowa da tasa, ba wanda yake jiran wani ya gama kafin ya fara. Ba na cewa zamaninmu ya fi, don na sha wuyar da ba na so jikokina su sha. Amma mun san jira, kuma a wurin tsohon nan na koye shi.

Bayan garma da lauje da fartanya, yana ƙera wani abin da ba wani maƙeri a yankinmu da yake yi, wato ƙararrawa. Yana da manya guda biyar, kowacce da muryarta, ya kuma raɗa musu suna. Mai siririyar murya ita ce Auta, sai Zabuwa, sai Gauraka, sai Kwaɗo, sai babban cikinsu mai amon da ake ji a ƙirji, shi ne Bajimi. In dawa ta fara nono, sai a kafa rumfuna masu tsawo a kewayen fadamarmu, kowace rumfa da doguwar gwafa a gefenta, a rataye ƙararrawa can sama, igiyar rama ta sauko hannun mai tsaro. Sauran mutane da majajjawa da gwangwani da ihu suke korar tsuntsu, kwana kaɗan muryarsu ta dishe, tsuntsu kuma ya saba. Mu namu daban ne. Yana kuma da ƙanana biyar na hannu, masu mariƙin fata, 'ya'yan manyan, waɗanda ake koyo da su a gida.

Game da inda ya samo abin, labarin yakan canza gwargwadon masu sauraro. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne, lokacin yaƙin Turawa an tafi da shi ƙetaren teku yana yi wa alfadarai takalmin ƙarfe, kuma a garin da suka sauka akwai wani dogon gini mai ƙararrawa a samansa, mutane a ƙasa suna jan igiya. Ya ce ranar hutu yakan zauna a gindin katanga yana saurare, ya rasa dalilin da kunnensa ba ya gajiya, sai daga baya ya gane ba sa maimaita jeri ɗaya sau biyu. Wani dattijo mai gyaran igiyoyin ne ya nuna masa dabarar da tsakuwa a ƙasa, ba mai jin yaren wani. Limamin garinmu ya taɓa tsayawa a ƙofar maƙera ya ce, "Maƙeri, wannan abin naka ba na masu coci ba ne kuwa?" Baba Tsoho ya ce, "Allah gafarta Malam, su mutane suke kira da ita, ni tsuntsu nake kora. Ranar da ka ga wani ya taho, ka faɗa mini in daina." Liman ya yi murmushi ya wuce. Gonarsa tana jikin tamu, shi ma dawarsa tana shan inuwar ƙararrawar.

Mu huɗu ya zaɓa cikin jikoki. Ƙanena ya riƙe Auta, 'yar baffana Zabuwa, yayana Gauraka, ni aka miƙo mini Kwaɗo. Na tura baki na ce duk sunayen nan masu daɗi ni ce zan zama kwaɗo? Ya ce, "Haba uwargida, ai don ki zauna kusa da mijinki ne. Kwaɗo ce ke bin Bajimi, ina ke ina nesa da ni?" Haka yake tsokanata kullum, ni ma ba na raga masa, nakan ce miji ba haƙori ba na so. Kafin ya bar mu mu taɓa ƙarfe sai da muka yi abin da ƙafa. Bayan la'asar ya jera mu a tsakar gida, shi a ƙarshe, ya ce kowa ya yi musayar wuri da na kusa da shi, taki ɗaya kawai, ba tsallake mutum biyu. Wanda ya nufi gaba ya yi ta tafiya har ya kai goshi, ya ɗan tsaya, sannan ya juyo baya. Wanda ya nufi baya shi ma haka. In kowa ya bi hanyarsa, sai ku ga kun dawo yadda kuka fara ba tare da kun maimaita tsayuwa ɗaya ba. Wannan shi yake kira komawa gida. Mun yi ta karo da juna, kaji suna watsewa, Inna tana daga bakin murhu tana cewa tsohon nan zai haukata mata 'ya'ya.

Da ƙafa ta gane, sai aka koma tabarma a zauren maƙera, kowa da 'yar ƙararrawarsa. Nan ne na san abin yana da wuya. Da farko a buga jere, daga Auta zuwa Bajimi, kamar ana sauka tsani. Sai ya ɗaga gira, musaya ta fara. Ba ka da wani abin dubawa sai kunnenka, ka san wa ka bi yanzu, wa za ka bi nan gaba. Ƙanena yakan yi sauri kamar ana binsa, yayana yakan yi nauyi, 'yar baffana in ta ɓata sai ta fashe da dariya ta ɓatar da kowa. Amma ranar da muka fara komawa gida ba tuntuɓe, na ji tsigar jikina ta tashi. Muryoyi biyar suna saƙa kamar zare a masaƙa, kowacce ta nutse ta ɓullo a wani wuri. Har almuru ta yi ina jin abin yana zagaya a kaina, ina tuƙa tuwo ina musaya da muciya.

Akwai doka guda da ya fi tsanantawa a kanta. Yakan ce igiya tana tsinkewa, mutum yana zagawa bayan gari, kunama tana harbi. Duk wanda kuka ji ya yi shiru, kada ku tsaya, kada kuma ku cike wurinsa. Ku bar masa gurbinsa daidai tsawon bugunsa, ku ci gaba, don in ya dawo ya tarar da ƙofarsa a buɗe. In kuka tsaya gaba ɗaya, kafin ku sake haɗa jere tsuntsu ya gama da ku. Wahalar ita ce gurbin ba ya zama wuri ɗaya, shi ma tafiya yake yi cikin jerin kamar mai shi yana nan. Don ya koya mana wannan, sai ya ƙirƙiro wata mugunta. Ana tsakiyar bugu sai ya damƙe harshen ƙararrawarsa da yatsa, ya yi shiru, yana kallon rufin zaure kamar ba shi ba. Wanda ya yi gaggawa ya buga a wurinsa, ya faɗa rami ke nan, kuma shi zai ja zugazugi washegari. Ni ce na fi kowa faɗawa. "Uwargida ta faɗa ramin mijinta," in ji shi, yara su yi ta dariya. Na ja zugazugi har kafaɗuna suka yi tauri. Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudura cewa sai na kai ranar da zai yi shirun duniya ban motsa ba. Har a gona yakan yi mana haka, ya saki igiya ya zauna yana cin goro, mu kuwa muna can muna zagaya raminsa.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan iya jera su ba, don a raina duk sun haɗe sun zama shekara ɗaya doguwa. Ruwa ya yi ta yaudararmu, a yi shuka ta fito ta ƙone, a sake ta ƙone. Rumbuna suka koma ɗakin kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Muka ci tafasa da rama ba ƙuli, muka ci dusa, muka ci abin da a da akuya muke ba. Shanun Fulani suka bi ta garinmu zuwa kudu, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Maƙera ta yi sanyi, don wanda bai girbe ba ba ya gyaran lauje. Mazan gari suka watse cin rani tun ba lokacinsa ba, mahaifina da baffana suna ciki, suka nufi Kano neman dako. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Ba sussuka, ba daka, ba masaba. Yara ma sun daina kuka da ƙarfi.

A shekarar da ta fi tsanani, geron tudu bai ko yi kai ba. Amma a fadamarmu, inda rafi yake lanƙwasa ya bar laima a ƙasa, kaurar da Baba Tsoho ya shuka da ragowar irin da ya ɓoye a tulu ta tsaya da ƙafarta. Ba ta da yawa, amma ta fitar da kai, zangarniya ta cika. Duk wanda ya bi ta wurin sai ya tsaya yana kallo. Kowa ya san abin da take nufi: abincin gidanmu har zuwa wani ruwan, da irin da mu da maƙwabta za mu shuka in Allah ya kai mu. In ta tafi, ba mu da iri, ba mu da abin da zai riƙe mu a garin. Su ma tsuntsaye sun sani. Dajin da suke cin ƙwayar ciyawa ya bushe, duk jan-bakin ƙasar nan ya juyo kan 'yan wuraren da suka yi kore.

Inna ba ta so ya hau rumfa ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Baba, ka bar wa yaran nan. Jiya ma ban ga ka taɓa kwanonka ba."

Ya ce, "Na ci mana. Tsoho ai ɗan kaɗan yake ci."

"Ƙanana ka ba, ina kallo."

"To ke da kike kallo, wa zai ja Bajimi? Ke za ki ja?"

Bajimi kuwa yana da nauyi, kuma ba wanda ya san hanyarsa sai shi. Ni ina tsaye ina jin su. Na ga yadda wandonsa ya yi masa yawa, na ga yana dafa bango in zai miƙe. Na gani da idona, amma a lokacin ina ganin Baba Tsoho kamar uwar maƙera ne, abin da ake bugu a kansa ba ya karyewa.

Rumfarsa tana can ƙarshen fadama, bayan wasu tsamiyoyi, inda rafi ya karya kwana. Tawa ce mafi kusa da ita. Ba na ganinsa saboda ganye, amma in na sauka na zaga itatuwan, tafiyar ba ta fi daga nan zuwa rijiyar unguwa ba. Sauran ukun suna jere daga ɗaya gefen, ina hango kawunansu sama da karan dawa. Kullum tun kafin rana ta fito muke hawa, mu yi ta bugu har zafi ya kori tsuntsaye zuwa inuwa, sannan mu sauka mu sha ɗan abin da aka samu, da yamma mu koma.

Ranar da nake ba da labari, sun zo kamar hayaƙin gobara. Ban taɓa ganin irinsu ba, kafin nan ko bayan nan. Suka taso daga gabas, suka rufe hasken rana, ƙarar fiffikensu kamar ruwa mai ƙarfi yana tahowa a kan kwano. Baba Tsoho ya buga Bajimi sau ɗaya, alamar a fara, muka shiga jere, muka shiga musaya. Garken ya sauko har ina jin iskarsa a fuskata, ya ji amon ya karkace, ya tashi, ya zaga ya dawo ta wani gefen, ya tarar amon ya sake kama. Muka koma gida, muka sake fita. Hannuna ya san hanyarsa, ba na ko tunani.

Rana ba ta yi nisa ba sai na ji wata ƙara daga bayan tsamiyoyi, kamar an taka busasshen kara, Bajimi ya yi wani ɗan guntun amo wanda ba a wurinsa ba. Daga nan ya yi shiru. Na ji ƙarar nan. Ba zan ce ban ji ba. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, kai, tsohon nan, yau ma? Yau da tsuntsu ya rufe sama zai gwada mu? Na cije leɓe na ce to bismilla. Na bar masa gurbinsa. Gurbin ya taho gaba, na kauce masa, ya wuce ta wurin yayana, ya kai goshi, ya juyo. Muka kai shi gida lafiya, muka sake fita da shi. Ban taɓa jin mun yi bugu mai kyau irin na ranar ba, muryoyi huɗu da shiru ɗaya, kowa a wurinsa. Kuma gaskiya ita ce daɗi nake ji. Ina ja ina ayyana yadda zan je in tsaya a gabansa in ce, yau wa zai ja zugazugi?

Da shirun ya yi tsawo, yayana ya ɗago murya daga rumfarsa, bai saki igiya ba. Ya ce, "Ke! Bajimi fa ya daɗe!"

Na ce, "Gwada mu yake yi! Ci gaba!"

Can an jima ya sake cewa, "Ki leƙa shi mana, ke ce kusa!"

Na ce, "In na sauka rami biyu ke nan! So kake su sauka?"

Ya ci gaba da jan igiyarsa. Ni ce na fi su sanin halin tsohon, kowa ya yarda da haka, ni ma na yarda. Muka ci gaba har rana ta take tsaka, garken ya rabu ƙungiya ƙungiya ya nufi inuwar itatuwan bakin rafi. Sannan na saki igiya, tafin hannuna duk ya yi bororo, na sauka da gudu ina dariya tun kafin in zaga tsamiya.

Ƙafar rumfar guda ce gara ta cinye ta ciki. Da ya jingina da nauyinsa yana jan igiya, ta karye, rumfar ta kife da shi. Na same shi a ƙasa a kwance ta gefe, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, rana tana dukansa tun safe, leɓɓansa sun tsage, tururuwa suna bin wuyansa. Hularsa tana can gefe. Gwafar ba ta faɗi ba, Bajimi yana rataye a sama, bakin igiyar kuwa yana kwance a ƙasa dab da hannunsa. Na durƙusa kusa da shi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya motsa baki, na kai kunne.

Ya ce, "Sun tafi?"

Na ce sun tafi.

Ya ce, "Madalla. Ba ni ruwa, uwargida."

A kan ƙyauren maƙera aka ɗauko shi. Maɗori ya zo ya duba ƙugun, ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya fita waje ya yi magana da Inna a hankali. Jikin da ya daɗe ba abinci ba shi da abin da zai haɗa ƙashi da shi. Ba wanda ya ce mini komai. Yayana bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, Inna kuwa cewa ta yi ƙaddara ce, gara ce ta ci itace. Da wani ya zage ni ko ya mare ni, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Da yamma sauran suka ce ba za su koma gona ba. Ya aiko aka kira mu, ya ce mu koma, kuma kada a ba kowa Bajimi, mu ci gaba da bar masa wurinsa, tsuntsu bai san ba ya nan ba. Haka muka yi har dawa ta bushe. Daga ɗakinsa ana jin fadama in iska ta juyo, Inna ta ce yakan sa a buɗe masa asabari ya kwanta yana motsa yatsa ɗaya a kan tabarma, yana bugawa a inda muka bar masa.

Wata rana bayan mun sauko na kai masa kunu, na zauna a bakin ƙofa na kasa tafiya. Ya ce, "Yau ba tsiya? Ko kin sake miji ne?" Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, na ji ƙarar. Na ji lokacin da ta karye. Yaya ya ce in leƙa, na ƙi."

Ya ce, "Na ji ku ai. Ina kwance ina jin komai. Ko sau ɗaya ba ki faɗa ramina ba."

Na ce, "Igiyar tana kusa da hannunka. Don me ba ka ja ba? Da ka yi ta ja ba tsari, ai da mun gane."

Ya dube ni ya ce, "Da na ja, ai da kin zo."

Ya sha kunun kaɗan ya miƙo mini sauran, ya ce in ba ƙanena. Bai kai girbi ba. An yanke kaurar bayan an yi sadakar bakwai, mahaifina ya dawo ya tarar da dami a tsakar gida da kabari a bayan gari. Muka ci, muka rayu, aka ware iri aka raba wa maƙwabta har da Liman. Da ruwa ya dawo, kusan rabin unguwarmu daga fadamar nan suka shuka. Na ci tuwon dawar nan ina jin yunwa, kuma ya yi mini daɗi, wannan ma yana cikin abin da yake damuna.

Na sha juya maganarsa a raina, shekara da shekaru. Na san sauke mini kaya ya so yi, ya nuna mini shi ya zaɓa. Mutane masu hankali sun ce mini da na sauka da garken ya sauka, da ba a san inda za mu ƙare ba, wataƙila gaskiyarsu. Amma ni na san abin da yake cikin zuciyata a kan rumfar nan, kuma ba iri nake tunani ba, ba yunwar gida ba. So nake in ci tsohon nan wasa. Ya tabbata in ya kira zan zo, bai yi kuskure ba. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne sai an kira ni, alhali na ji itace ya karye.

Bayan shi ba a ƙara kafa rumfunan ba. Ƙanena ya shiga makaranta, 'yar baffana ta yi aure wajen Tofa, ni ma na tafi nawa gidan. Manyan ƙararrawar suka yi ta tsatsa a maƙera har wani baƙon maƙeri ya sare su ya yi fartanya. Maƙerar kanta yanzu shagon cajin waya ce. 'Yar ƙaramar Kwaɗo kaɗai ta biyo ni, a ƙasan adakata, mariƙin fatar ya bushe ya yi baƙi. Cikin mu biyar ni kaɗai na rage.

Da muka dawo daga gonar jikana na ba shi labarin rumfuna, ban ba shi na tsamiya ba. Ya ce in nuna masa yadda ake yi. Na sa aka buɗe adaka, na zauna a tabarma na ɗaga ta. Muryarta tana nan, ta ɗan dishe kamar tawa. Na ji Auta a kaina, na ji Zabuwa, na ji Gauraka, na buga tawa, na jira. Na sake zagayowa, na matsa gaba taki ɗaya, na buga, na jira. Yaron ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kaka, kin manta ne? Sai tsayawa kike yi."

Na ce ban manta ba, wurin mutane ne.

Ya duba zauren ya ce, "Ai ba kowa."

Na ce na sani. Na ce ya je ya leƙa bayan gida duk da haka, na ji kamar wani abu ya faɗi.